Wilhelm Cauer: Masanin rariyar lantarki da ya yi wa Hitler mubaya'a, ya ƙare a kabarin bai-ɗaya

A ranar 22 ga Afrilun 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet da ke kutsawa cikin birnin Berlin ta kudu suka iso unguwar Marienfelde. A nan suka kama wani magidanci ɗan shekara 44, uban 'ya'ya shida, suka riƙe shi a matsayin garkuwa, sannan suka harbe shi. Sai bayan an ajiye makamai aka gano gawarsa a wani kabarin bai-ɗaya tare da sauran waɗanda aka kashe. Sunansa Wilhelm Cauer. Jami'an leƙen asirin Sobiyet suna ɗauke da jerin sunayen masanan Jamus da ake so a same su da rai domin a ci moriyar iliminsu, kuma sunan Cauer yana cikin jerin. Waɗanda suka ɗana kunamar bindiga ba su san da wannan ba.

Ba kowa ya san sunansa ba a wajen ajujuwan injiniyoyin lantarki. Amma duk wanda aka taɓa manna wa wayoyi a ƙirji a asibiti domin duba bugun zuciyarsa, da duk wanda ke yawo da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fatarsa, ya ci gajiyar fannin da wannan mutum ya aza wa harsashi, wato ilimin tsara matatar lantarki ta hanyar lissafi.

Duk bugun da zuciya ta yi, tana fitar da wata 'yar wutar lantarki da ake iya aunawa a fatar ƙirji. Ƙarfinta kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, ma'ana batirin tocila guda mai bolt ɗaya da rabi ya ninka ta sau 1,500. Ta ƙwaƙwalwa, wadda ake ɗauka a fatar kai, ta fi wannan rauni nesa ba kusa ba. Kuma wannan siririn saƙo ba shi kaɗai yake isowa ba. Numfashi yana ɗaga layin yana sauke shi a hankali, tsokar jiki tana ƙara tata hayaniyar, wayoyin wuta da ke cikin bango suna zuba gunjinsu mai kaɗawa sau 50 a sakan guda a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar da Jamus, ko sau 60 a Amurka. Aikin matata shi ne ta bar kaɗawar da likita ke nema ta wuce, ta tare sauran. Jamusawan zamanin Cauer sun raɗa wa wannan na'ura suna daga kalmarsu ta rariya, kuma littafinsa na farko, Siebschaltungen, fassararsa ita ce da'irorin rariya.

An haife shi a Berlin ranar 24 ga Yunin 1900, a gidan boko na gado. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Wilhelm, farfesa ne na aikin injiniyan jirgin ƙasa a Babbar Makarantar Fasaha ta Berlin. Yaron ya kamu da son lissafi tun yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya yi aikin soja na ɗan lokaci a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya koma karatu. Rubutunsa na farko da aka buga, a 1923, a kan ka'idar Einstein ne. Ya kammala digiri a fannin fiziks a 1924, ya kama aiki a kamfanin tarho na Mix & Genest da ke Berlin, ya auri wata 'yar danginsu a 1925.

A kamfanin tarhon ne ya ci karo da matsalar da ta zame masa aikin rayuwa. Shimfiɗa wayar tagulla tsakanin birane tana cin kuɗi masu yawa, don haka kamfanoni suka koyi ɗora kiraye-kiraye da dama a kan waya guda, kowane kira da nasa zangon kaɗawa, sannan a ƙarshen layi a raba su da matata. George Campbell a Amurka da Karl Willy Wagner a Jamus, kowa daga nasa ɓangaren, sun ƙirƙiro irin wannan matata a 1915. Sai dai yadda ake tsara ta ya fi kama da aikin gwanin maƙeri. Injiniya zai jera sassan da ya riga ya sani, naɗin waya da kafasita, ya lissafa abin da za su bayar, ya gwada, ya ƙara wani sashe, ya sake gwadawa. Matatar tana aiki, amma babu mai iya rantsewa cewa ba a yi asarar kaya ba, ko babu wata hanyar da ta fi.

Cauer ya juya tambayar. Maimakon a ɗauki da'ira a tambayi me za ta yi, sai a fara da rubuta abin da ake so, sannan lissafi ya fitar da da'irar. A 1924 Ronald Foster na kamfanin tarhon Amurka ya buga wata ka'ida da ta buɗe wannan ƙofa, Cauer ya ga inda ta dosa, ya shiga musayar wasiƙu da shi. Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1926 a ƙarƙashin Georg Hamel, ya nuna wata dabara mai ban sha'awa. Za a ɗauki lissafin da ke bayyana halin da ake so da'irar ta nuna, a raba, a juya ragowar, a sake rabawa, a ci gaba a haka har ragowar ta ƙare. Kowace amsa da ta fito ita ce girman sashe guda, naɗin waya sannan kafasita, kafasita sannan naɗin waya, suna jeruwa kamar matakan tsani. Har yau littattafan fannin suna kiran waɗannan tsani biyu da siffar Cauer ta ɗaya da ta biyu.

Daga nan ya tsara wa fannin baki ɗaya tambayoyin da ya kamata ya amsa. Ta farko, wane irin hali ne za a iya ginawa da sassa na zahiri, wane ne kuma mafarki kawai. Ta biyu, tunda cikakkiyar matata mai yanka kamar wuƙa ba ta yiwuwa, wace ce ta fi kusa da ita. Ta uku, cikin da'irori masu yawa da ke ba da sakamako iri ɗaya, wace ce ta fi ƙarancin kaya. Wannan tambaya ta ƙarshe, wadda a lokacin maganar kuɗin tagulla ce da ƙarfe, ita ce daga baya ta koma maganar tsawon ran batir a jikin majiyyaci.

A 1927 ya koma Göttingen, wadda a lokacin ita ce alƙiblar masana lissafi na duniya. Richard Courant, shugaban cibiyar lissafi ta jami'ar, ya ɗauke shi mataimakin bincike, kuma a 1928 ya samu izinin koyarwa. A 1930 Gidauniyar Rockefeller ta ba shi tallafin shekara guda a Amurka, inda ya zauna a MIT da Harvard. Ya yi aiki da Vannevar Bush, wanda ke ƙera injinan warware lissafi, ya gana da manyan injiniyoyin ɗakunan binciken Bell, ya kuma taimaka wa wani ɗalibi ɗan Afirka ta Kudu, Otto Brune, wanda kundinsa na 1931 ya amsa babban ɓangare na tambayar farko. A wannan tsakanin ne ya kammala littafinsa na rariya, wanda ya fito a 1931.

Matatar da ta ɗauki sunansa ta fito ne daga amsar da ya ba tambaya ta biyu. Ya lura cewa idan aka yarda saƙon da ke wucewa ya yi ɗan hawa da sauka daidai-wa-daida, aka kuma yarda abin da ake tarewa ya riƙa ɗan ɓullowa daidai-wa-daida ba tare da ya haura wata iyaka ba, to za a samu yankan da ya fi kowane kaifi da adadin sassan da ke hannu. Babu wata matata mai yawan sassa iri ɗaya da za ta fi ta saurin faɗowa daga abin da ake bari zuwa abin da ake tarewa. Lissafin da ya jingina da shi na Rashawa ne, Pafnuty Chebyshev da almajirinsa Yegor Zolotarev, waɗanda suka yi aikinsu a ƙarni na 19 ba tare da tarho a ransu ba. Akwai wani labari da malaman fannin ke ba ɗalibai, cewa tsarin Cauer ya cika sharuɗɗan da aka gindaya tare da rage naɗin waya guda a kan mafi kyawun tsarin da aka sani, kuma da takardar mallakar fasaharsa ta isa kamfanin Bell, sai masana lissafinsu suka shafe makonni biyu a ɗakin karatu na birnin New York suna bitar lissafin eliftik. Masu ba da labarin da kansu a matsayin almara suke ba da shi. Abin da ba almara ba shi ne rage kayan.

Ya dawo Göttingen da burin gina injin lissafi mai sauri, amma karyewar tattalin arzikin duniya ta hana samun kuɗi. Sannan 1933 ta zo.

A ranar 7 ga Afrilun shekarar, gwamnatin Hitler ta kafa dokar da ta ba da damar korar Yahudawa da 'yan adawa daga aikin gwamnati, har da jami'o'i. Cikin watanni kaɗan Göttingen ta zama kufai. An dakatar da Courant, duk da cewa ya yi wa Jamus yaƙi har an ji masa rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya ƙare a New York. An kori Emmy Noether, ta tafi Amurka inda ta rasu a 1935. Max Born ya tafi Ingila, James Franck ya ajiye aiki don nuna ƙin amincewa, Hermann Weyl ya koma Princeton. A watan Nuwamba ɗalibai 'yan Nazi suka tsaya a ƙofar aji suka hana kowa shiga darasin Edmund Landau. Cibiyar da aka shafe fiye da ƙarni guda ana ginawa tun zamanin Gauss ta watse a cikin shekara guda, kuma ba da igwa aka rusa ta ba, da takardun ofis ne.

A cikin wannan watan na Nuwamba, ranar 11, aka yi taro a Leipzig inda aka gabatar da takardar mubaya'ar malaman jami'o'in Jamus ga Adolf Hitler da gwamnatinsa, kwana guda kafin ƙuri'ar raba gardama kan ficewar ƙasar daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani. Martin Heidegger yana cikin waɗanda suka yi jawabi. Mutum kusan 900 ne suka sa hannu. Sunan Wilhelm Cauer yana cikinsu.

Masu kare mutanen wannan jerin sukan ce da yawansu ba aƙida ce ta kai su ba, tsoron rasa abinci ne, musamman ƙananan malamai irin Cauer da ba su da tabbatacciyar kujera. Hujja ce mai nauyi, kuma duk wanda ya san yadda ƙaramin ma'aikaci ke rayuwa a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta son a ce mata a'a ba zai yi saurin watsar da ita ba. Amma hujjar ba ta goge kwanan wata. An sa hannun ne wata bakwai bayan dokar da ta raba mutumin da ya ɗauke shi aiki da ofishinsa, kuma a jami'ar da Franck ya nuna cewa ana iya ƙi.

Sa hannun kuma bai saya masa komai ba. Masu tonon asali sun gano cewa cikin kakanninsa akwai Daniel Itzig, Bayahude mai harkar kuɗi a fadar Sarki Frederick na Biyu na Prussia, wanda ya rasu tun 1799. Cauer ba Bayahude ba ne, kuma nisan dangantakar ya sa doka ba ta kai ga korarsa ba. Sai aka yi masa abin da hukumomi ke yi wa wanda ba su da hujjar kora, aka bar shi a inda yake. Daga baya an ba shi laƙabin farfesa, amma har ya mutu ba a ba shi kujera a wata jami'a ba. Mutumin da injiniyoyin Amurka ke bibiyar aikinsa ya kasa ciyar da iyalinsa da abin da yake samu a Göttingen, domin zuwa 1935 'ya'yansa sun kai uku.

Ya koma masana'antu. A 1936 ya yi aiki na ɗan lokaci a kamfanin jiragen sama na Fieseler da ke Kassel, kamfanin da ke ƙera wa sojin Jamus jirgin Storch, wanda kuma daga baya ya ƙera bam mai tashi na V-1 da aka yi ta jefa wa Landan. Daga nan ya zama shugaban ɗakin bincike na tsohon kamfaninsa, Mix & Genest, kuma daga 1939 ya riƙa koyarwa a Makarantar Fasaha ta Berlin a gefe. A daidai wannan lokaci shi da Hans Piloty a Jamus, da Sidney Darlington a Amurka, da Giovanni Cocci a Italiya, kowa a nasa ɓangaren, suka cimma hanyar tsara matata da ke la'akari da abin da aka jona mata a gaba da baya. Yaƙi ya datse zirga-zirgar mujallu, don haka a ƙasashen da ke magana da Ingilishi sunan Darlington ne ya fi tashi.

A 1941 juzu'i na farko na babban littafinsa kan ka'idar da'irorin lantarki ya fito. Rubutun juzu'i na biyu yaƙi ya cinye shi. Ya zauna ya sake rubutawa, bai samu damar bugawa ba, wannan ma ya salwanta. Da ya ga faɗuwar Berlin ta ƙarato, sai ya kwashe 'ya'yansa ya kai su wurin dangi a Witzenhausen da ke jihar Hesse. An ba shi shawarar ya zauna, bai ɗauka ba, ya koma birnin. Sojojin Sobiyet sun fara farmakinsu na ƙarshe ranar 16 ga Afrilu. Kwana shida bayan haka aka harbe shi, kwana takwas kafin Hitler ya kashe kansa, kwana goma kafin Berlin ta miƙa wuya.

Cauer ya mutu kafin a ƙirƙiro transisto a 1947, bai kuma yi aiki a kan na'urorin asibiti ba. Hanyar da aikinsa ya bi ya isa ƙirjin majiyyata doguwa ce. A watan Oktoban 1958, a Stockholm, likita Åke Senning ya dasa wa wani majiyyaci na'urar daidaita bugun zuciya da Rune Elmqvist ya ƙera, karo na farko da aka saka irinta gaba ɗaya a cikin jiki. Sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya. Na'urorin farko bugawa kawai suke yi ba ji ba gani. A shekarun 1960 aka fara yin waɗanda ke sauraron zuciya, su yi shiru idan ta buga da kanta, su taimaka idan ta yi jinkiri. Daga nan matata ta zama maganar rai da mutuwa. Idan ta bar hayaniyar tsoka ta wuce, na'urar za ta ɗauka zuciya ta buga, ta riƙe bugun da majiyyaci ke buƙata. Idan kuma ta tare saƙon gaskiya, na'urar za ta buga a lokacin da bai dace ba.

Duk wannan sauraro dole a yi shi dare da rana da batir guda mai kusan bolt 2.8, irin na litiyam da aidin da aka fara dasawa a farkon shekarun 1970, wanda ake so ya kai shekara goma ko kusa da haka, domin canja shi yana nufin sake yin tiyata. Ga kuma wata wahalar. Saƙon jiki mai tafiyar hawainiya ne. Gwajin zuciya na asibiti yana buƙatar zango daga kaɗawa 0.05 zuwa 150 a sakan. Naɗin wayar da zai yi aiki a wannan zango ba zai shiga ƙwayar silikon ba, kuma da 'yar kafasitar da ƙwayar za ta iya ɗauka, iyakar ƙasa ta 0.05 tana buƙatar turjiyar da ta kai ɗaruruwan biliyoyin om. Injiniyoyi sun kewaye matsalar ta hanyar tafiyar da transisto da wuta 'yar mitsitsiya, kashi ɗaya cikin biliyan na amfiya ko kaɗan fiye, dabarar da Eric Vittoz da Jean Fellrath suka bayyana a 1977 a Switzerland, inda masu agogon hannu ke fama da irin wannan ƙishin batir.

A nan tsanin Cauer ya dawo. A 1966 H. J. Orchard ya nuna cewa matatar tsani ta naɗin waya da kafasita, idan aka daidaita ta a gaba da baya, ba ta cika damuwa da ƙananan kura-kuran girman sassanta ba. Wannan babbar garaɓasa ce a ƙwayar silikon, inda sassa ba sa fitowa daidai da yadda aka zana su. Saboda haka mai tsara matata a yau yakan fara da zana tsanin a takarda ko a kwamfuta, sannan ya kwaikwayi kowane naɗin waya da transistoci da kafasita. Kowane mataki na tsanin yana nufin ƙarin amfilifaya mai shan wuta da ƙarin hayaniya, don haka tambayar Cauer ta uku, wace da'ira ce ta fi ƙarancin kaya, ita ce ke kan teburin.

Ba a kullum ake zaɓar matatar da ke ɗauke da sunansa ba. Kaifin yankanta yana da farashi, domin tana jinkirta wasu kaɗawar fiye da wasu, abin da ke iya karkatar da siffar zanen bugun zuciya, alhali likita siffar yake karantawa. Inda siffa ta fi muhimmanci, injiniyoyi sukan koma ga matatar Butterworth, wadda Stephen Butterworth na Ingila ya bayyana a 1930, ko ta Bessel. Inda kuma ake son a datse wata hayaniya da ke maƙwabtaka da saƙon, da sassa kaɗan, ta Cauer ce ke gaba. Amma ko wace aka zaɓa, hanyar isa gare ta ɗaya ce: a rubuta abin da ake so, a nemo lissafin da ya fi kusa da shi, a fitar da tsani. A yawancin littattafan Ingilishi da manhajojin tsara da'ira, Butterworth da Chebyshev da Bessel suna nan da sunayensu, tasa kuwa sau da yawa eliftik kawai ake ce mata.

Bayan yaƙi, iyalinsa da tsofaffin abokan aikinsa suka tattara abin da ya tsira. An sake buga juzu'i na farko a 1954 a Berlin ta Gabas, ɓangaren birnin da ke ƙarƙashin ikon Sobiyet. Fassarar Ingilishi ta fito a New York a 1958, shekarar da aka yi dashen Stockholm. A 1960 aka fitar da abin da aka kira juzu'i na biyu, wanda aka haɗa daga takardunsa da suka rage, bisa bayanan da suka tsira na abin da ya yi niyyar sakawa a littafin da ya rubuta sau biyu.